Numfashin Farko na Usta Shazli

Shekara talatin da ɗaya Usta Shazli, wato Shazli ƙwararren makanike, ya yi yana gyaran injin jiragen ruwa a garin Ƙusair da ke bakin teku, amma bai taɓa barin Bahar Maliya ta wuce masa gwiwa ba. Mutumin Ƙina ne, ɗan manoman rake, ya zo gaɓar teku yana saurayi da sifana uku a aljihu, ya samu wuri ya zauna. Masunta sun tsokane shi har sun gaji. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: aikinsa ya sa jirgi ya zauna a saman ruwa, to me zai je nema a ƙasa?

Sai Allah ya ba shi 'ya ɗaya tilo, Tahani, wadda ta iya iyo tun kafin ta iya ɗaurin ɗankwali. Ta girma, ta koyi nutso, ta samu takardar shaidar jagorantar baƙi masu zuwa kallon murjani a ƙarƙashin teku. Shekara biyu tana aiki da kayan haya, yau na wannan, gobe na wancan. Da ta ga zama ya kama ta a sana'ar, ta ce za ta sayi na'urar numfashi tata ta kanta. Ita na'urar ƙarfe ce da ake ɗaurawa a bakin tukunyar iska, ta rage wa iskar ƙarfi, ta turo ta cikin tiyo zuwa wani ɗan gwangwani mai bakin roba da mai nutso ke cizawa. Ran mutum ke nan in ya shiga ƙarƙashin ruwa.

Usta Shazli ya ce zai raka ta. Ba ta gayyace shi ba, amma ya riga ta sa takalmi.

Shagon Milad suka nufa, tsohon mai nutso mai kurman kunne ɗaya, wanda duk garin shi ke gyara irin waɗannan kaya. Ya kawo musu shayi, ya jera na'ura biyu a kan tebur. Ta farko siririya ce, baƙa, mai sheƙi, ba ta da nauyi. Ta biyu kuwa ƙatuwa ce mai kama da kan famfon masallaci.

Tahani ta ɗauki ta farko tana shafawa. “Ammu Milad,” ta ce, kamar yadda ake kiran baffa a can, “wannan ai ita ce. Dubi yadda take kamar ba a riƙe komai ba.”

Uban ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, yana neman inda sifana za ta kama. Bai samu ba. Kusoshin ma kawunansu wani iri ne, ba ƙwaya ɗaya a akwatin aikinsa da za ta shige su.

“Milad, ta ina ake buɗe wannan?”

“Ba a buɗewa, Usta. Ni kaina ba ni da mabuɗinta. Masu ƙera ta ba sa sayar wa kowa kayan gyaranta sai wakilinsu na birnin Gardaƙa. Shekara-shekara za ta ɗora ta a motar haya, bayan mako biyu ko uku a dawo mata da ita.”

“Wa zai buɗe ta a can?”

“Oho. Wani dai.”

“Wani! Ita wannan mummunar fa?”

“Sifana ta kowa da kowa ce ke buɗe ta. Kayan cikinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Zobban roba da sauran tarkace suna zuwa a 'yar leda da littafin bayani, ana sayar wa duk wanda ya koya. Nauyi ne kawai laifinta, sai kuma muni.”

“Muni ba ya kisa,” in ji Usta Shazli. “Da yana yi, da an daɗe da binne ka.”

Dariya suka yi, amma shi abin yana cin ransa sosai. Tun da aka haifi yarinyar nan, ba abin da ta taɓa hawa ko ta kunna da bai bi ta hannunsa ba, daga keken makaranta har injin jirgin da ke kai ta wurin aiki. Yanzu abin da za ta riƙa shaƙar rai da shi ne za a miƙa wa mutumin da bai san ko fuskarsa ba, wanda wataƙila zai ɗaure shi waya na maƙale a kunne. Wannan ne ba zai iya haɗiyewa ba.

Tahani ta san ubanta. Ta ajiye kyakkyawar a hankali. “Baba, bari mu yi magana ɗaya. Ka koya a wurin Ammu Milad. Ranar da ya ce ka iya, zan ɗauki mummunar, kai ne makanikena har abada. In bai ce ba, zan ɗauki wannan, kuma ba na son jin ƙorafi a kan abincin rana.”

“Ni za a koya wa ɗaure kusa?”

“Ka yarda ko ba ka yarda ba?”

Ya yarda.

Kwana huɗu ya rufe garejinsa da hantsi yana zuwa ɗaukar darasi. Ranar farko ya zo da gwangwanin giris ɗinsa na inji, yana taƙama, har ya lakato da yatsa. Milad ya make masa hannu.

“Kai! So kake zobban su kumbura, 'yarka ta riƙa shaƙar warin gareji? Wannan ba injin jirgin masunta ba ne. Ga man da ake shafawa, kuma kaɗan, kamar kana sa wa jariri kwalli.”

Usta Shazli ya yi gunaguni, ya goge yatsa. Ya koyi jiƙa ƙarafan a ruwan khal, wato ruwan tsami, don gishiri ya saki. Ya koyi cire zoben roba da ɗan tsinken roba maimakon sukundireba, ya koyi cewa a wannan aikin ba a ɗaure kusa da ƙarfin damtse, da awo ake yi. Hannun da ya saba da aiki ba ya ɓoyuwa. Rana ta huɗu ya wargaza na'urar gaba ɗaya, ya mayar da ita, suka ɗaura a tukunya, allurar ma'auni ta tsaya cak inda littafi ya ce ta tsaya. Ya sa a baki ya ja iska sau uku, ya ji ta wasai.

“To, malam, faɗi maganar nan mu tafi.”

Milad ya kurɓi shayi. “Saura abu ɗaya. A shagon nan, wanda ya rufe na'ura shi ke fara shaƙarta a ƙarƙashin ruwa. Haka maigidana ya yi mini a Iskandariya, haka nake yi wa duk wadda ta bar teburin nan. Mita uku, minti biyar.”

Usta Shazli ya ajiye na'urar a kan tebur.

“A bokiti ba zai yiwu ba? In sa kaina a bokiti.”

“A'a.”

“Akwai babbar randa a gidan surukata.”

“Usta, ashe wanzami ba ya son jarfa? Ka ɗaure abu ka ce 'yarka ta tafi da shi mita talatin, kai mita uku ta gagare ka?”

 Usta Shazli ya tattara sifanunsa ya fita, har ya manta bai yi sallama ba. Amma kafin dare ya aika wa Milad cewa ya amince.

Washegari da safe suka haɗu a wani lungun teku da ke kudu da gari, inda ƙasan yashi ne kuma ba igiyar ruwa. Yadda labarin ya fita, Allah kaɗai ya sani. Masunta bakwai suka ƙi fita kamun kifi, suka zo da butar shayi da burodi suka yi layi a kan duwatsu. Da aka cusa Usta Shazli cikin rigar nutso, tumbinsa ya yi gaba, sai ihu ya tashi.

“Usta, ka bar wasiyya? Wa ka bar wa garejin?”

“Ka gaida kifaye, ka ce musu muna nan tafe!”

Tsoro na daji, kunya na gida. Ya yi kalmar shahada a fili, ba da wasa ba, ya kama hannun Tahani. Ta gyara masa gilashin ido, ta nuna masa alamar “lafiya” da alamar “mu hau”, ta sa ya maimaita.

“Baba, kalle ni. Kada ka riƙe numfashi. Ja, saki, ja, saki. Ni kawai za ka riƙa kallo.”

Ruwa ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya kai wuya. Ya cije robar da iya ƙarfinsa, ya rufe ido, ya ji hayaniyar masunta ta ɗauke ɗif. Da ya buɗe ido yana durƙushe a kan yashi, hannunsa cikin nata.

Ya ja iska, ta zo, amma tare da feshin gishiri mai kartar maƙogwaro. Ya sake ja, haka. Ya ce a ransa, to, haka abin yake, teku ce ai, ba rijiya ba. Ya yi ta maza, yana ja yana haɗiyewa. Wani ɗan kifi ruwan ɗorawa ya zo ya tsaya daidai hancinsa yana kallonsa kallon raini. A bayan kifin ga fuskar Tahani, a natse, ba ko ɗigon damuwa. Bai taɓa ganinta haka ba. A nan ita ce babba, shi ne yaro, kuma abin mamaki sai ya ji hakan ya yi masa daɗi. Ta yi masa alamar tambaya, ya mayar da “lafiya”. Bai so ta ce ubanta rago ne.

Da minti biyar suka cika suka taso. Masunta suka miƙe suna tafi, wani har da guɗa irin ta mata. Usta Shazli ya tofar da ruwa, ya daki ƙirji.

“Shi ke nan abin da ake ta kururutawa? Ai da na sani da tuni na ƙwace muku sana'a!” Ya yi tari, ya juya ga 'yarsa. “Amma ke, Allah ya yi miki albarka, yaya kike jure gishirin nan? Kowane numfashi sai mutum ya sha rabin cokali.”

Tahani ta daina dariya. Ta kalli Milad.

“Wane gishiri, Baba?”

“Gishirin da ke zuwa da iskar mana.”

“Ba gishirin da ke zuwa da iska. Busasshiya take zuwa, har maƙogwaro ya bushe.”

A nan bakin ruwa Milad ya shimfiɗa tawul, ya miƙa wa Usta Shazli gwangwanin na'urar. “Kai ka rufe, kai za ka buɗe.” Shi kuwa ya buɗe. A ciki akwai ɗan faifan roba mai laushi, wanda ke ɗagawa iskar da mutum ya fesar ta fita, ya koma ya rufe kada ruwa ya shigo. Gefensa ɗaya ya naɗe ya shige ƙasa, bai kai faɗin farce ba. Milad ya rantse bai gani ba jiya. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

“A mita uku gishiri ne kawai,” in ji shi. “A mita talatin tari ne, ga baƙi shida a bayanta suna jiran ta kula da su.”

Usta Shazli ya zauna daɓas a kan yashi.  Kunya da tsoro suka haɗu suka danne shi, tsoron ma ya fi na ɗazu, don wannan ba na kansa ba ne.

“Tahani, ɗauki kyakkyawar can. Ki riƙa tura musu Gardaƙa. Ni makaniken inji ne, in tsaya inda Allah ya ajiye ni.”

Ta durƙusa a gabansa, ruwa na ɗiga daga gashinta. “Baba, kana jin na Gardaƙa ba sa naɗe roba? 'Yan Adam ne su ma. Sau biyu ina shan gishiri da kayan haya, ban san ma wa zan zaga ba. Wanne ne a cikinsu zai shiga ruwa ya sha kafin ni?”

 Sai ya goge hannu a tawul, ya ɗaga faifan da tsinken roba, ya kwantar da shi, ya bi gefensa da yatsa sau uku, ya rufe.

Milad ya gyara murya. “Usta, ka dai san dokar. Ka sake rufewa.”

“Na sani, kurma. Ina gilashina?”

Wannan karon bai jira a riƙe masa hannu ba. Ya ɗauki tukunya a baya, ya taka cikin ruwa yana tangaɗi, sai Tahani ce ta biyo shi da gudu. Minti biyar suka wuce, shida, bakwai. Da ya taso, ya cire robar daga bakinsa, ya ɗauraye ta, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Busasshiya ce,” ya ce. “Ungo, 'yata. Je ki.”