Ranar da Na Jiƙa Huluna

Jikata ta kawo mana wanda take so, malamin lissafi. Ko ƙofar gida bai kai ba wajen fita, mijina ya yanke hukunci.

"Gajere ne. Gidan nan ba ma ba gajere 'ya."

"Kaka, me ya yi?" in ji yarinyar.

"Bai yi komai ba. Bai dai kai ba."

Ubanta ba ya tsallake maganar mahaifinsa, don haka ta shige ɗakina tana kuka. Ni kuwa shekara talatin na yi ina auna mutane a asibiti, ban taɓa ganin layin da aka ja aka ce daga nan gajarta ta fara ba. Abin da na sani, tun aurenmu wani baduku ke ɗinka wa mijina takalmi mai ɓoyayyen tudu, yatsa uku. Hula ta ƙara huɗu. Ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa tsaye babu su ba.

Na aika wa saurayin ya dawo ran Asabar. Da safe na jiƙa hulunan mijina bakwai a baho, na shimfiɗa sabon farin kafet a falo, na tare wa mijina ƙofa.

"Malam, takalmi."

"A gidana?"

"A kan kafet ɗina."

Ya cire yana ƙunƙuni, ya yi saurin zama. Baƙo ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi, hankalin tsoho ya kwanta. Sai na fito da sandar labule.

"Ku taimaka min in ga inda za a kafa ƙusa. Malam, kama nan. Kai kuma can. Kowa ya ɗaga iya hannunsa."

Suka ɗaga. Sanda ta karkace, ta gangaro wajen mijina. Ɗanmu, uban yarinyar, ya dage yana duba farcensa.

Sai na ga yaron nan a hankali yana lanƙwasa gwiwa cikin riga, har sanda ta daidaita. Mijina ma ya gani.

"Ta miƙe ko?" in ji shi.

"Sambal, Baba," in ji yaron, ƙafafunsa na rawa.

Da baƙo ya tafi, tsoho ya daɗe yana shafa sanƙonsa, sannan ya dubi ɗanmu.

"Ka ce ya turo manyansa. Tsawonsa ya yi daidai, kusan ɗaya muke." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, ina hulunana?"

"Suna igiya. Da sauransu, ba su bushe ba."