Ruwan da Ya Daskare a Gangaren Khunjerab

"To wanne ne a ciki mai tari, wanne ne mai gurnani?" in ji Lala Zarwali, babban wana, yana kurɓar koren shayi yana hararar ƙarafan rage gudun mota guda biyu da aka baje mana a kan buhu.

Ustad Mirajuddin bai yi dariya ba. Tun zamanin Baba shi ke buɗe cikin babbar motarmu ta dakon kaya a garejinsa na Gilgit, ya saba da bakin Lala. Ya nuna ƙaramin da tsinin sukuddireba.

"Wannan a wuyan salansa ake ɗaura shi. Ka danna maɓalli ya toshe hayaƙi, inji ya shaƙe, mota ta lafa. Wancan kuwa a kan inji yake zama, sai an ɗaga murfi. Iskar da inji ya matse yake saki, sai injin da ke jan mota ya koma riƙe ta. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka gangaro da cikakken lodi, birkin taya yana hutawa."

"Inji ya riƙe mota! Gobe kuma ka kawo mana wanda zai yi mana alwala," in ji Lala. "Ustad, tsufa ne ya kama ka ko 'yan kamfani? Muna da tankin Baba."

Tankin Baba. Yana nan bayan kan motar, shi ya yi masa walda da hannunsa, ya sa aka zana masa ɗawisu biyu a cikin furanni. Daga gindinsa siraran tiyo suka bi ta ƙarƙashi zuwa kowace taya. In za a fara gangara sai a buɗe famfo, ruwa ya riƙa ɗiga a kan birki don kada ya ɗau zafi ya saki. Haka muka taras, haka kowa ke yi. Ina yaro, in na ga tururi na tashi daga tayoyin Baba, ji nake kamar doki ne ya dawo daga yaƙi.

Amma kwana goma sha ɗaya ke nan ban iya ɗaga ido na kalli ɗawisun nan ba.

Ran nan da sanyin safiya muka taso daga saman dutsen Khunjerab za mu gangara garin Sost, ni a gaba, Shamroz ƙanen matata yana biye da ni da tasa motar. Na buɗe famfo kamar kullum. A wata kwana da rana ba ta leƙawa sai hantsi, motarsa ta sulale ta rungumi dutse. Allah Ya yi da sauran kwana, sai dai ƙafarsa ta karye wuri biyu. Kowa ya ce ƙanƙara ce, ƙaddara ce. Ni da na koma da ƙafa na ciro shi, na ga ƙanƙarar da idona. Layi biyu ne sirara, masu sheƙi, daidai faɗin tayoyina. Sauran titin a bushe yake ƙayau.

Tun ranar matata Gulalai ke yi mini godiya. Ta kawo mini gurasa mai zafi, ta tsaya a bakin ƙofa idonta cike da hawaye, ta ce, "Ba don kai ba, Bakht Rawan, da yanzu ba ni da ƙane." Wallahi da marina take yi da ya fi mini sauƙi. Ina son matar nan son da ban san inda zan ajiye shi ba, ga shi ina cin abincinta da ƙarya a maƙogwaro.

"Kai, malam mai shiru, kai ka jawo mu nan, ka yi magana mana," in ji Lala. "So kake direbobi su ce 'ya'yan Haji Dilawar sun ji tsoron dutse, sun sayo wa mota sandar dogarawa?"

"Lala, ruwanmu ne."

"Ruwan me?"

"Wanda ya kayar da Shamroz. Daga tankin nan ya fito. Ni na buɗe famfon."

Ya ajiye kofin a hankali. Ustad ya sunkuyar da kai yana goge hannun da ya riga ya goge.

"Wa ka gaya wa?" Muryar Lala ta yi ƙasa.

"Kai ne na farko."

"To ni ne na ƙarshe. Shekara talatin Baba yana zuba ruwa a dutsen nan, bai taɓa karya kowa ba."

"Baba ba ya waiwaye, Lala. Nima da ba surukina ba ne a baya, da ban koma na gani ba. Mutum nawa muka bar wa layin nan muka wuce muna jin waƙa?"

Lala ya tashi ya je ya dafa tankin, ya daɗe tafin hannunsa na kan fentin. Na san abin da yake ji, don ni ma shi nake ji. Amma ƙafar Shamroz na rataye a asibiti, jibi kuma akwai lodi, sanyin ma yanzu ya fara.

Na miƙe. Na juya wajen Ustad.

"Ustad, ɗaga murfin injin, babban za ka ɗaura. Ka yanke tiyon nan duka. Motar nan ba za ta sake hawa Khunjerab da ruwa ba. Ni na tafi gida, yau Gulalai za ta ji daga bakina."