Kwatan Inci

Ni na karya wa Cyril Ackroyd hannu, kuma ba zan ɓoye ba. Da ma'aunin dogo na karya shi, wani guntun ƙarfe mai kauri da na yanka da kaina. In ana ba da labarin a mashaya sai a ce wai tsautsayi ne. Ƙarya suke yi. Ina gani na ɗaga, ina gani na sauke.

Sunana Arnold Hepworth. A lokacin ni ne mai kula da layi a ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ta garinmu, nan bayan Halifax. Jiragenmu da kaɗan suka wuce gwiwa, amma wutar gaske ce a cikinsu, da kwal da ruwa da tururi, kuma ɗaya yana jan manya goma ba gardama. Layin yadi ɗari huɗu ne, ya zagaye wani ɗan tudu a bayan filin ƙwallo. Ni na shimfiɗa shi a durƙushe, shekara uku ina yi. Inci bakwai da kwata ne tsakanin dogo da dogo, kamar yadda kowane mai hankali yake yi a ƙasar nan.

Cyril yana da wa, Leonard, wanda muke kira Len, da ya tafi California tun muna da gashi a ka. Can ya ƙera jirginsa, can ya mutu. Wasiyyarsa guda ce: a ƙone gawar, a kawo tokar gida tare da jirgin, a zuba ta a murhunsa yana tafiya a kan layinmu, ta fita ta bututun hayaƙi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, haka muka yi wa tsoho Fawthrop. Cyril ya sa tokar a gwangwanin ganyen shayi, yana yawo da ita a motarsa har jirgin ya iso.

Mu shida muka sauke shi daga akwati wata Asabar. Kai, aikin ya yi kyau! Baƙi wuluk, ga ƙararrawar tagulla, ga fitila a goshi. Muka ɗora shi a kan dogo, sai ya ƙi zama. Ƙafafun gefe guda suka shiga, na ɗaya gefen suka hau bisa. Muka jijjiga, muka tura, ina! Na ciro ma'aunina na sa.

"Bakwai da rabi ne," na ce. "Haka suke yi a can. Ya fi layinmu faɗi da kwatan inci."

"Sake aunawa," in ji Cyril.

"In sake auna me? Makaho ne ni? Shekara ashirin da biyar a ƙasar mutane, wan naka ya manta faɗin dogon gidan ubansa."

Bai kamata in faɗi haka ba, na sani. Amma bakina ba ya jiran kaina, matata Doreen ta gaji da gaya mini.

Shugabanmu Barraclough ya ce a cire ƙafafun a sa a inji a matso da su ciki. Cyril ya ce duk wanda ya kusanto aikin Len da ƙarfe sai ya fasa masa kai. Shi abin da yake so, a kwance dogo ɗaya a matsar da shi kwatan inci, na yini guda kawai, a zagaya da Len, a mayar.

"Yini guda!" na ce. "Ka san ƙusoshi nawa ne a layin nan? Ramin ƙusa in ya buɗe ba ya sake riƙewa. Ka zuba tokar a jirgina, wuta ai wuta ce."

"A wannan tukunyar shayin taka? Len ya ce a nasa."

"To, ka mayar da shi California, can ma akwai hayaƙi."

Kofin shayin da ke hannunsa ya wurgo mini. Ya kuskure kunnena ya tarwatse a bango. Kafin in tashi ya shaƙe ni da wuyan riga, ya haɗa ni da kabad har gwangwanayen mai suka zubo. Mutum ne mai shekara sittin da biyar, amma shekara arba'in ya yi yana ɗaga ƙarfe a masaƙa. Da ƙyar mutum uku suka ɓamɓare shi. Aka jefa ƙuri'a nan take, tara da ɗaya, ba za a taɓa layi ba. Ya kwashe jirgin a tirela ya tafi.

Bayan mako biyu, ranar Lahadi, na fito da sassafe kamar yadda na saba. Kafin a buɗe wa jama'a nakan hura jirgina in zagaya sau ɗaya ni kaɗai, ina sauraron dogo. Na hango hayaƙi a bayan tudu, na ɗauka mai gyaran filin ƙwallo ne ke ƙona ganye. Ban busa usur ba, don maƙwabta sun hana mu kafin ƙarfe goma. Shi kuwa Cyril masaƙa ta cinye masa kunne, ko aradu ce sai ta matso.

Ashe tun fitowar rana ya shigo ta ƙofar baya. Ya kwance dogon da ke gefen waje daga kwanar bayan tudu, ya matsar da shi, ya ɗora jirgin Len, ya hura masa wuta. Abin da wawan ya manta, a kwana dama nakan bar ɗan sarari don ƙafafu su juya. Ya zo ya ƙara kwatansa a kan nawa.

Na shigo kwanar da gudu. Sai na ji ƙasa ta ɓace. Ƙafafun gaba suka faɗa tsakanin dogo, jirgin ya caki katakon da ke ƙarƙashin dogo, ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Ƙirjina ya daki rumfar direba, muka kife tare. Taragon da nake zaune a kai ya bi ta bayana ya danne mini ƙafar hagu a jikin tukunyar tururi. Gilashin auna ruwan tukunyar ya fashe. Tururi ya yi ta feshi a ƙaurina, ta cikin wando, yana wani tsuwa. Na yi ihu irin wanda ban san ina da shi ba. Na ture taragon na mirgina, na ja wandon sama, fata ta biyo shi.

Na ga Cyril ya taho a guje. Na ɗauka wurina zai zo. Sai ya tsallake ni, ya durƙusa gaban jirgina, ya zura hannu ƙarƙashinsa.

Ma'aunin ya faɗo daga tarago, yana nan kusa da hannuna. Ban san yadda na miƙe a kan wannan ƙafar ba.

"Cire hannunka daga jirgina, ɗan iska!"

Bai ko waiwayo ba. Na sauke masa ƙarfen a bayan hannu, daidai inda ya dafa dogo. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Na ƙara. A na biyun ne ya yi ƙara, ya juyo, ya sa kai ya tunkuɗe ni a ciki. Muka zube a tsakuwa. Ya hau kaina yana naushi da hagu, ya fasa mini leɓe, haƙorina na roba ya fita. Na damƙi tsakuwa na murza masa a fuska. Ya danna gwiwarsa a kan ƙunar, da gangan, sai da na ga duhu.

"Kashe ni za ka yi?" na ce. "Kashe ni mana!"

"Kai ka fara, tsohon banza! Kwatan inci! Kwatan inci na roƙe ka!"

Na ciji kunnensa har na ji gishiri a bakina. Muka yi ta birgima, tsofaffi biyu, babu mai rabo, har muka daki taragon jirgin Len. Gwangwanin shayin yana ajiye a kan wurin zama, murfinsa a buɗe, da ɗan shebur a gefe. Ya faɗo. Ni kuwa ina kwance na kai wa gwangwanin shuri da ƙafata mai lafiya. Wannan ma ina sane. Ya yi tsalle ya gangara, toka ta watse a cikin tsakuwa, iska ta ɗebi wata.

Nan faɗan ya mutu. Cyril ya sake ni, ya rarrafa.

"Len," yake cewa. "Len, Len."

Na zauna ina haki, ina tofar da jini. Sai idona ya kai kan jirgina. Garwashi na nan zube a ƙasa a ƙarƙashinsa, yana hucewa, ƙusar da ke riƙe gindin murhu tana gefe a yashe. Duk wanda ya taɓa hura jirgi ya san in ya kife, ruwa yakan bar saman murhu, kuma in ba a zubar da wutar nan take ba tukunya za ta lalace, ko ta fashe a fuskar na kusa. Na kusa kuwa ni ne. Abin da ya tsallake ni ya je yi ke nan. Ya dafa dogo da dama, ya zare ƙusar da hagu, ni kuma na farfasa masa daman.

Kunya ta kama ni, ta fi ƙunar zafi. Ban ce masa ya yi haƙuri ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Yana durƙushe yana tsintar toka tsakanin duwatsu da yatsun hagu. Na daman ya kumbura ya yi baƙi, yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba. Na ja jiki na je na kama tsinta tare da shi. Raɓa ta jiƙa ƙasa, tokar ta manne, rabi ƙura rabi tsakuwa. Duk abin da muka tara bai cika sheburin nan sau biyu ba, shebur da bai fi cokalin miya ba.

"Wutar na nan?" na tambaye shi da ƙarfi, don ya ji.

Ya dubi jirgin Len. Allurar tururi tana kan tamanin.

"Ba zan iya riƙe shi ba," ya ce. Ya ɗaga hannun ya nuna mini, kamar ban san wanda ya yi ba.

"Zauna a baya. Ni zan ja."

"Kar ka fizge shi. Ba irin naka ba ne."

"Rufe mini baki ka hau."

Na hau, ƙafar tana ɗigar ruwa a cikin takalmi. Na saki burki, na buɗe masa tururi kaɗan. Ya tashi lafiya lau, ko girgiza babu. Leonard ya iya aiki, wannan kam ba a ƙwace masa. Cyril ya jingino a bayana, jininsa yana ɓata mini kafaɗa. Na buɗe ƙofar murhu da ƙafa, ya miƙo sheburin ta ƙarƙashin hammatata, ya juye. Tsakuwar ta yi ta fashewa a wuta. Ya juye na biyu. Na rufe ƙofa na ƙara tururi, bututun ya yi tari, wani farin hayaƙi ya fita ya bi ta kanmu, ƙura ta sauko mana a fuska da gashi. Na ji shi yana kuka a bayana, irin kukan da babu sauti sai kafaɗu.

Ba mu yi minti ɗaya muna tafiya ba ya buga mini baya.

"Tsaya, Arnold. Nan na kai."

Na taka burki. Ga sifanarsa nan a kan katako, ga inda dogo ya koma bakwai da kwata. Yadi sittin ya iya kwancewa tun safe, shi kaɗai, a durƙushe. Len ya so a zagaya da shi layin gaba ɗaya, yadi sittin ya samu.

Muna zaune a haka Barraclough ya same mu, ya kira motar asibiti. Na yi wata biyu a kwance, aka yanko fata daga cinyata aka liƙa. Aka kori Cyril daga ƙungiya, ni ba a kore ni ba, don ya gaya wa kowa jirgin ne ya danne masa hannu. Na je gidansa sau uku, matarsa tana cewa ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa.

Na gan shi sau ɗaya bayan nan, a shagon kifi da dankali. Yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin aljihunsa da hannun dama, yatsun sun ƙi lanƙwasawa. Mutumin da a da yake gyara ƙarfe da magagari har ka ga fuskarka a ciki. Na matsa na ce, "Cyril, kawo in taya ka."

Ya dube ni, ya juya ya ba ni kunnen da ba ya ji, ya ci gaba da fama da maɓallin.