Abin da Aka Cire

Likita ya kira mu ofis, ni da Yaya, wan mijina, tun maigidan bai farfaɗo daga allurar barci ba. Ya ce sun buɗe cikin, sun tarar ciwon dajin ya wuce hanji ya kama hanta, ya kuma nannaɗe wata babbar jijiya. In suka taɓa, a kan teburin zai cika. Shi ya sa suka mayar suka ɗinke. Abin da ya rage sai maganin rage zafi da 'yan watanni, huɗu ko shida, sauran sani yana wurin Allah.

Ni dai na nemi kujera na zauna. Yaya kuwa ko numfashi bai sauke ba ya yanke hukunci, yadda ya saba yanke komai a danginsu, daga sunan jarirai har launin fentin ƙofa: ba za a gaya wa maigidan ba. Wai labarin zai kashe shi kafin ciwon. Likita ya ce shi ba zai yi ƙarya ba in aka tambaye shi, amma zai ba mu 'yan kwanaki. Na so in yi magana, na tuna shekara ashirin da shida ban taɓa cin Yaya a gardama ba, na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin haushin kaina.

Mijina bakanike ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ta hana shi arziki. Bai taɓa canja wa mutum ko ƙusa a mota ba tare da ya damƙa masa tsohuwar a hannu ba. Ko mai motar ya ce a jefar, sai ya naɗe ta a tsumma ya tura masa ƙarƙashin kujera. To wannan mutumin muka shirya yi wa rufa-rufa.

Kwana biyu da aikin, yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ya tambayi Yaya ina abin da aka cire. Yaya ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce an cire shi tas, an zubar. Maigidan ya tambayi nas, ta ce sai dai likita. Likita kuma ya koma zagayen marasa lafiya da sauri, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ni ce kaɗai maigidan bai tambaya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Sai dai ya bi ni da ido ina jera kwanuka, ina gyara zanen gado da ba abin da ya same shi.

Ya fara lissafin komawa gareji. Ya ce akwai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ya sauke wa inji, in ya warke da ita zai fara. Na ce Allah ya yarda. Na fita baranda na yi kuka a bayan tankin ruwa, na wanke fuska na dawo.

Rana ta huɗu da hantsi, Yaya ya tafi karɓo magani. Maigidan ya ce in ja labule in zauna kusa da shi.

"Ranki ya daɗe," in ji shi. Haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ba tsokana a muryar. "Na tambayi mai tura gado. An ce aikin awa biyar ne. Ya ce ko awa ɗaya ban yi a ciki ba."

Na ce wataƙila hannun likitan ne da sauri.

"Ni ma na sha buɗe inji in mayar in rufe. Na san abin da ke sa a yi haka. Amma ban taɓa barin mai mota ya hau hanya bai sani ba." Ya kamo yatsuna. "Ke nake tambaya yanzu."

Na gaya masa. Hanta, jijiya, watannin, duka, ban rage ko ɗaya ba. Na zaci zai yi salati ko ya yi faɗa. Ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa a sama, hawaye na gangara cikin kunnensa, ni kuma tsoro ya cika ni, don ban taɓa ganin kukansa ba. Da ya yi magana, cewa ya yi in kira ɗiyarmu da ke karatu nesa ta dawo a makon nan, kada a jira hutu. Sannan ya ce kada in kuskura in nuna wa Yaya ya sani.

Na ce saboda me, bayan shi ya ƙulla wannan duka.

"Shi ya goya ni da muka rasa uwa. Ƙaryar nan ce ta riƙe shi a tsaye. Bar masa ita."

Ban gama share masa fuska ba muka ji takun Yaya. Ya yaye labulen, leda cike da magani a hannu, idanunsa jajur kamar wanda ya tsaya wani wuri kafin ya shigo. Ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, ya ce yau kam jiki ya yi kyau, nan da wata guda sai gareji.

"In Allah ya so, Yaya," in ji maigidan, har da murmushi.

A ƙarƙashin bargo kuwa ya matse hannuna har ƙashin ya yi ƙara, ni ma na ce in Allah ya so.