Gefen Dama na Gadar Ƙauyenmu

Shekara tara ke nan da 'yan fim suka sauka a ƙauyenmu, lokacin shanyar barkono. Sun yi wata guda, suka ci taliyata, suka tafi. Fim ɗin na soyayya ne: malamin makaranta ɗan birni ya faɗa son wata mai tsinkar ganyen shayi. Ni Meifeng mai shagon bakin gada na kalle shi ya fi sau ɗari, kuma ba don ya burge ni ba. Wadda ta yi wuni tana tsinkar shayi ba ta da irin hannun nan mai laushi.

Wurin da kowa ke yabo shi ne kan gada. Malamin ya faɗi abin da ke ransa, yarinyar ta yi shiru, ta kau da ido gefen dama, murmushi na neman ƙwace mata. Masana suka ce ba a taɓa nuna kunyar 'yar ƙauye haka ba. Har yau 'yan matan birni na zuwa su tsaya a gadar, su karkata wuya, samarinsu na ɗaukar hoto. Ni dai ina sayar musu da ruwa.

Mu da muke wurin mun san abin da ta kalla. Tsoho Tan ne. Ya taso daga gona da kwanduna biyu na barkono rataye a sandar gora, aka tsare shi a bakin gada wai ana ɗauka. Ya jira aka sake sau shida. A na bakwai ya gaji, ya hau gadar da ɗingishinsa, ya ce da yarinyar:

"Ke 'yar nan, ki amsa masa mana, mu samu mu wuce."

Dariya ta so kama yarinyar. Darakta ya ji daɗin abin, ya cire muryar, ya bar hoton. Don haka a can ƙarshen gefen dama ana ganin wani tsoho ya shigo, ya yi taku huɗu, baki na motsi. Shi ke nan rabonsa da fim, kuma ko a jikinsa, bai taɓa kallo ba.

Bayan shekara biyu ya rasu. Aka ƙona masa tufafinsa da takalmansa da sandar gorar, kamar yadda ake yi, don ya same su a can. Hoton da aka rataya a ɗaki daga katin shaida aka ciro shi, ya ƙame kamar wanda aka kama da kazar mutane. Matarsa, Goggo Guizhi, ta ce wannan ba mijinta ba ne, mijinta bai taɓa rufe baki ba.

Tun daga nan take zuwa shagona kullum bayan abincin rana. In sa mata faifan fim ɗin, in tura zuwa kan gada, ta kalli taku huɗun nan, wani lokaci ta ce in mayar. Ba ta kuka. Takan ce, "Dubi yadda ya ɗaure wandon nan, abin kunya," ta shanye shayinta ta tafi. Sauran fim ɗin bai dame ta ba, har yau ba ta san ko an yi auren ba.

A bazarar bana faifan ya fara sarƙewa, daidai wurin da muka fi murza. Na goge shi da man goge baki, na hura, na yi masa duk dabarar da na sani. Ran nan ya tsaya cik kafin gada, bai sake wucewa ba. Na aika wa 'yata Lanying a birni ta nemo wani. Ta yi dariya ta ce ai masu sayar da faifai sun bi masu gyaran fitilar ƙwai. Amma ta ce kada in damu, an sake fitar da fim ɗin a waya, an gyara launi, an yanka shi gutsu-gutsu.

Na buɗe ni kaɗai, ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Fim ɗin da aka yi a kwance an mayar da shi a tsaye, don ya cika fuskar waya. An datse hagu, an datse dama. Masoyan na nan tsakiya, fuskarsu tar, har gashin gira kana ƙirgawa. Tsoho Tan ko inuwarsa babu. Raina ya ɓaci sosai, na kife wayar a kan teburi.

Kwana uku ina yi wa Goggo hanya-hanya. Na ce babu sabis, na ce caji ya ƙare, na ce Lanying ba ta turo ba. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. A rana ta huɗu ta zauna, ta ajiye sandarta, ta ce:

"Meifeng, ni na yi wa uwarki wankan jego. Ƙaryarki ba ta girma ba tun kina shekara biyar. Kunna."

"Goggo, sun ɓata shi. Ba kamar na da ba ne."

"Na ce ki kunna. Ko kuɗin kallo za ki fara karɓa?"

Na jingina wayar a kan kantar shago, na kunna. Malamin ya yi jawabinsa. Yarinyar ta yi shiru, ta kau da ido dama, murmushin ya zo. Goggo ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashin. Wurin ya wuce.

"Mayar," in ji ta.

Na mayar. Wannan karon ba wayar ta kalla ba. Ta bi idon yarinyar, ta tsayar da nata a gefen wayar, inda na jera kwalaben giyar shinkafa. Leɓɓanta na motsi, na gane ƙirga take yi, ɗaya zuwa huɗu.

"Ba su cire shi ba," ta ce. "Ga shi tana kallonsa. Ke dai kawar da kwalaben nan, kin tare masa hanya."

Na kawar da su. Ta sake kallo sau biyu, ta shanye shayinta, ta ɗauki sanda.

Tana zuwa har yanzu, bayan abincin rana. Dillalin giya ya tambaye ni me ya sa na bar wuri mafi kyau a kantar babu kaya, alhali shagon ya cushe. Na ce masa wurin da mai shi.