Baƙar Kwat a Ranar Makoki

Umarnin kotun da ya ba Mushtak Gondal damar ganin 'yarsa Rimsha duk Asabar na wucin gadi ne, kuma yau wa'adinsa ke cika. In alƙali bai sabunta shi ba, kotu za ta tafi hutun zafi, shi da yarinyar sai a hoto har a dawo. Don haka ya ciro baƙar kwat ɗin aurensa, wai alƙali ya ga mutumin kirki. Auren bai yi ƙarko ba, kwat kuwa ko maɓalli bai faɗi ba, sai dai ta matse shi kamar an ɗaure buhu.

A harabar kotun Multan, a Pakistan, ya tarar da lauyoyi cirko-cirko. Wani dattijonsu ya rasu, kuma a al'adarsu ba lauyan da zai tsaya gaban alƙali ranar. Ya buga wa nasa lauyan waya.

"Gondal Sahib, makoki muke yi," in ji lauyan, bakinsa cike da samosa. "Shiga da kanka, ka ce a tsawaita. Ko akuya za ta iya."

Ya nufi matakala. Wani matashin lauya mai gashin baki ya sha gabansa, ya dubi baƙar kwat, irin ta lauyoyi sak, ya kira shi Chacha, wato baffa.

"Ina zuwa, Chacha? Ba ka ji an yi rasuwa ba?"

"Allah ya jiƙansa. Shari'ata za a kira."

"Kowa nan yana da shari'a. Kai kaɗai ne lauyan da ke da bakin cin abinci?"

"Ɗana, ni ba lauya ba ne. Takin zamani nake sayarwa."

"Da fayil a hammata? Ku zo ku ga mai taki."

Suka zagaye shi. Ya rantse, ya nemi tuɓe kwat ɗin don a zauna lafiya, hannuwansa suka maƙale a baya. A haka ya ji ɗan sandan kotu yana ƙwala kiran sunansa daga bene. Ya amsa daga ƙasa, kamar kazar da aka riƙe wa fukafukai, lauyoyi biyu suna jan hannun rigar suna shawarar ko a farke ta.

Kafin ya hau, magatakarda ya riga ya ɗaure fayil da zare.

"An kira, ba ka nan. Sai bayan hutu."

"Ina ƙasa ana tuɓe ni, Sahib."

"To lauyanka ya rubuto hakan."

A baranda ya ci karo da Rimsha, kawunta Shafkat na riƙe da hannunta, yana duba agogo.

"Abbu, ranar Asabar ka zo mini da mangwaro."

Shafkat ya kawar da kai. Mushtak ya durƙusa, ya gyara mata igiyar takalmi, ko da yake ba ta kwance ba.

"Wane iri?"

"Mai zaƙi, wanda ake tsotsa."

"To," in ji shi.