Rijiyoyin Da Na Allah Bai Kira Ba

Maigidana makaɗin gurumi ne, Na Allah mutane ke ce mishi. Ban taɓa kama sunan nan a gabanshi ba, amma yanzu ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗa. Ni ce mai kaɗa mishi ƙwarya, ni ce kuma mai ba da labari in ya tsaya hutawa. Shekara talatin da wani abu muna haka, a wani ɗan gari gabas da Attantane.

Waƙa guda ya gada wurin ubanshi wadda ta fi mishi komi, waƙar rijiyoyi. Rijiya goma sha biyu ce a karkararmu, kowace da mutumin da ya sari dawa ya gina ta. Waƙar tana bin su ɗaya bayan ɗaya: wane ya taso daga ina, ya haifi wane, wane ya haifi wane, har ta sauko kan masu rai. To amma tana da ƙa'ida. In ya buɗe baitin rijiya ya kira sunan mai ita, sai wani jinin gidan ya miƙe ya ce, "Muna nan!" sannan a ci gaba. Ba a kiran suna in babu mai amsawa. Sau ɗaya ake yin haka, ranar da gida ya ƙare ƙurmus: a kira sau uku, a ji shiru, a rufe baitin har abada.

Zamanin soja ne aka kawo muna wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, Mushe Salifu (can "Mushe" suke ce wa malami), dogo siriri, mutumin Tasawa. Wata hantsi ya jingine kekenshi a dangarmu ya durƙusa ya gaida maigida.

"Baba, ɗiyan nan sun san sarakunan ƙasashe masu nisa a littafi. Ka tambaye su wa ya gina rijiyar da suke sha, sai su tsaya kallon ƙafafunsu."

"Ashe akwai abin da lakwal ba ta sani ba, Mushe?"

"Wanga dai ba ta san shi ba. Ku zo ranar Asabar, kai da Inna."

Haka muka soma. Lakwal ɗin ɗaki guda ne na ƙasa da rumfar kara, amma yaran duk rijiyoyin nan suke zuwa, sun fi hamsin. Kai, Asabar ɗin farko ba na manta ta. Maigida ya kira Tanko mai rijiyar gawo, yara biyar suka zabura a tare har benci ya kife. Ya kira rijiyar makiyaya, wata ƴar Fulani, Bintu, ta miƙe ta ce, "Muna nan, da shanunmu!" Wani daga baya ya ce, "Shanun da suka cinye muna wake!" Ta juya ta ce, "Waken naku ma ba daɗi, sai da suka yi zawo." Mushe ya ɗaga bulala, dariya ta hana shi sauke ta. Tsakanin baiti da baiti ni kan shiga: yadda Lawali ya yi gaba ashirin yana gina tashi rijiyar bai ga laima ba, matarshi ta zuba mishi tulun ruwa a ramin da asuba don kada ya karaya. Sai azahar muke tashi.

Shekara guda muka yi a haka. Sai damina ta ƙi.

Ruwa biyu aka yi. Hatsi ya fito kamar tsawon yatsa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Aka sake shuka, ƙasa ta cinye irin. Kafin lokacin da ya kamata a ce ana yanka, mata sun shiga tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Kamiyon soja, babbar motar nan, kan zo da jar dawa sau ɗaya a wata, a auna wa kowane gida abin da ba ya kai mako. Sai mutane suka soma kwance ƙyauren ɗakunansu suna ɗora wa jaki, suna yin kudu.

Makiyaya ne suka fara tashi. Asabar ɗin da muka tarar wurin Bintu babu kowa, maigida ya zo kan baitinsu, ya tsallake. Bayan mako biyu ya tsallake na Lawali. Ɗanmu Isufu ma ya kwashi iyalinshi ya yi Najeriya, da jikanyarmu Mairo wadda ke amsa baitin gidanmu. Makaɗi ba ya amsa wa kanshi, ni kuma aure ya kawo ni, ba jinin gidan ba ce. Namu ma ya tsallake. Waƙar da ke kai mu azahar ta koma ba ta kai dahuwar kunu.

A lokacin tari ya kama shi. Yunwa ta riga ta sassaƙe shi, rigarshi kamar an rataye ta a icce. Sai ga takarda daga sama da tambarin soja: yara sun yi kaɗan, za a rufe lakwal ƙarshen wata, Mushe ya koma Tasawa.

Mushe ya zo gida da sabon kaye, littafin rubutu, da biro biyu.

"Baba, ka rera muna ita duka, sau ɗaya tak, in rubuta. In ta shiga takarda ba ta ɓata."

"Wa zai amsa?"

"Yaran da suka rage. Kowa ya amsa wa maƙwabcinshi."

"Amsar aro? Kai in an kira ubanka, ɗan wani ke cewa na'am?"

"To a kira haka nan, ba amsa."

Maigida ya daɗe yana tari kafin ya samu magana. "Ɗana, ka san abin da kake roƙona? Mutane sun tahi neman abin da za su ci, suna bisa hanya da goyo, ni kuma in zamna nan in binne su da bakina? In Isufu ya ji, mi zan ce mishi?"

"To aje gurumin. Ka faɗa mini da baki kamar hira, ba kira ba ne."

Wannan ya yarda. Suka zauna gindin iccen bedi, Mushe ya buɗe kaye. Wallahi na tausaya musu su biyun. Maigida ya ce Lawali ya haifi Alhassan, Alhassan ya haifi… sai ya tsaya. Ya ce a'a, Maman Sani ne a gaba. Ya koma, ya sake, ya ɗauko ɗan wata rijiya ya liƙa wa wata. Mutumin da ke zubo suna ɗari biyu bai yi tuntuɓe ba! Yatsunshi sai motsi suke a gwiwa suna neman tsarkiya. "Ba su zuwa," ya ce. "A cikin kiɗan suke. In kuwa na taɓa tsarkiya, kira ne."

Na sa baki na ce wa maigida, "Malam, in ka tafi da ita kabari fa?"

Ya dube ni. "Hawwa, ke ma?"

Asabar ta ƙarshe na kama hannunshi muka tafi, muna tsayawa yana hutawa. Yara bakwai muka tarar, na rijiya uku. Mushe ya zauna gaba da kayenshi a cinya. A hanya maigida ya ce mini zai gwada rera ta duka, tun da babu wani magaji sai takardar nan, Allah ya yafe mishi.

Ya kira Tanko, wata yarinya ta miƙe ta ce muna nan, muryarta kamar ta sauro. Baitin ya tafi sumul, biron Mushe na gudu. Ya zo kan rijiyar Lawali. Ya ɗaga kai, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Na riƙe ƙwarya ina jira. Ya dubi bencin da jikokin Lawali ke zama, ƙurar alli ta kwanta a kai. Sai ya rufe bakin. Yatsun dai ba su tsaya ba. Ya kaɗa baitin nan tun daga farko har ƙarshe, babu kalma ko ɗaya. Leɓunanshi na motsi, na san sunayen na wucewa a ciki, amma bai bar ko ɗaya ya fito ba.

"Baba," in ji Mushe a hankali. "Don Allah."

Bai ji ba, ko ya ji. Rijiya tara ya kaɗa haka, har da tamu. Ƙaramin cikin yaran barci ya kwashe shi. Da aka tashi Mushe ya nuna mini kayen: warƙa uku da rubutu, saura fari fat. Ya ɗaure shi bayan keke da katifarshi ya tafi. Ban sake ganinshi ba.

Maigida bai ga damina ta gaba ba. Isufu bai komo ba, can ya samu dako ya zauna, kuma dama shi bai taɓa son gurumi ba.

Bayan shekara biyu ruwa ya sauka, wasu suka dawo suka maida ƙyaurensu. Wata ranar kasuwa wani magidanci ya yi sallama, jikan Lawali ne, da ɗanshi a hannu wanda aka haifa a hanya.

"Inna, an ce Baba bai rufe mu ba."

"Bai rufe ku ba, ɗana. Ko sau ɗaya bai kira ba."

"Alhamdu lillahi. To ki faɗa wa yaron nan kakanninshi. Ke kin sha ji."

Na sha ji kam. Amma shekara talatin hankalina na kan ƙwarya da labarin da zan bayar, sunayen suna wuce ni kamar ruwa a kwari, ban taɓa zaton ni za a tambaya ba. Na ba shi labarin tulun ruwa. Na lalubo mishi suna huɗu cikin goma sha ɗaya, biyun ma ban tabbata wa ya haifi wa ba.

Ya maimaita su sau biyu yana lissafawa da yatsa. Ya jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya yi godiya, ya ɗauki ɗanshi ya fita.